Ranar da Lauya Ya Ci Gardama

Lauya bai taɓa shiga kotu ba, ko da a matsayin shaida. Gyaran kujeru ne sana'arsa. Kujerar da ka riga ka yanke shawarar jefarwa, shi zai kware mata tsohon yadi, ya canja soso, ya ɗaure wayoyin da suka saki, ya dawo maka da ita har ka ji kunyar zama a kai. Sunan kuwa a coci ya samo shi, wurin taron nazari na maza, inda ba a taɓa karanta aya an wuce lafiya ba sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ina da ɗan ƙarin bayani." Ɗan ƙarin bayanin nan ya sa shayin mutane da yawa ya huce. Fasto kansa, in ya hango yatsan yana tasowa, sai ya saci kallon agogo.

Maganar da ya fi so a duniya ita ce 'yanci. A wurinsa Almasihu ya riga ya kwance mu, saboda haka ba wanda zai zo da dokar da ya ƙera a ɗakinsa ya rataya wa Kirista a wuya. Ya yi gardama a kan mata masu sa wando, ya yi a kan kallon ƙwallo ranar Lahadi, ya yi a kan ganga a cikin sujada. Abin haushi game da mutumin shi ne yawanci yana da gaskiya.

A gidansa, kowace Lahadi bayan an dawo coci an ci abinci, shi da matarsa sukan share teburin falo su buga karta. Matar ma'aikaciyar asibiti ce, kowa Nas yake ce mata, har shi. Ba kuɗi a wasan. Akwai wani gwangwanin madara cike da maɓallan kujera, irin masu rufin yadi da ake dannawa a bayan kushin, waɗanda suka yi saura a shago. Da su ake lissafin ci. Wanda maɓallansa suka ƙare shi ke wanke kwanuka, kuma ba sai an faɗi wanda ya fi sanin inda soson wanke-wanke yake ba, don Nas ba ta da tausayi a karta.

Matsala ɗaya ce, ita ce Auta, ƙanen Nas. Ƙaton mutum ne mai furfura a gemu, amma da yake shi aka haifa ƙarshe, da sunan Auta zai mutu. Yana da 'yar motar ɗaukar kaya da yake kai burodi kantuna. A shekarun baya caca ta yi masa tsirara: ta cinye motarsa ta farko, ta bi kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, har matarsa ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta. Da ƙyar aka shawo kanta ta dawo, bayan ya tsaya gaban ikilisiya yana kuka ya ce ya bari. Ta kuma gaya masa a gaban kowa cewa in ya koma, ba za ta tsaya jin bayani ba. Tun daga ranar hannunsa bai sake taɓa karta ba. In ya shiga ɗaki ya tarar ana yi, sai ya gaisa da mutane ya ce zafi ya yi yawa, ya fita ya tsaya a ƙofa.

Saboda haka Nas ta kafa doka. Da zarar an ji hon ɗin motar burodi a ƙofar gida, sai ta tattara karta ta jefa cikin wata tsohuwar tukunya da ke saman firij, ta rufe. Sau da yawa kuwa hon ɗin yakan zo daidai lokacin da Lauya ya samu hannu mai kyau, abin da ba kullum yake faruwa ba.

"A gidana," in ji shi wata rana, "da kuɗin hayata, ina ɓoye karta a tukunya kamar ɓarawo."

"Ba wanda ya ce kai ɓarawo ne. Miƙo murfin."

"Wannan fa ba taimakonsa kike yi ba. Bauta kike ƙara masa. Mutum ya zauna yana tsoron takarda?"

"Maigida, shi bai hana ka ba. Yini ɗaya ne a mako, shi ma ɗan lokaci. Miƙo murfin, ga shi nan yana shigowa."

Abin ya tsaya wa Lauya a rai. Ba mugunta ba ce, yana son Auta ƙwarai, shi ya gyara masa kujerun mota kyauta. Gani yake an bar ɗan'uwa a ɗaure alhali makullin yana aljihunsa shi Lauya. Ya shafe mako guda yana shiri a shago. Ya jawo wata kujera mai ƙafa uku da aka kawo gyara, ya jingina ta da bango, ya naɗa ta Auta. Da ƙananan ƙusoshi cike da baki yake yi mata wa'azi, yana ciro ƙusa ɗaya ya buga, ya ciro hujja ɗaya ya buga. Kujerar ba ta iya ba shi amsa ko sau ɗaya ba, abin da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Mai walda na kusa da shi ya leƙo ya ga babu kowa a shagon, ya koma ya gaya wa matarsa su sa Lauya a addu'a.

Lahadin da ta biyo, suna gama cin abinci aka kira Nas daga asibiti, wata abokiyar aikinta ba ta da lafiya. Tana ɗaura agogo aka yi hon a waje. Ta dubi mijinta, ta dubi saman firij, ta sake dubansa.

"Tukunyar nan," ta ce, "kada ko inuwarka ta taɓa ta."

"Haba, Nas. Ni yaro ne?"

"Da yaro ne ai da na tafi hankalina kwance."

Auta ya shigo da burodi biyu a leda, kamar yadda ya saba, ya gaida yayarsa a bakin ƙofa, ya zauna a doguwar kujera. Lauya kuwa yana kan tasa kujerar, wadda ya ƙera wa kansa da hannunsa, mai jan yadi da wurin miƙe ƙafa, wadda ko Fasto in ya zo ziyara ba a ba shi ita. Aka taɓa hirar tsadar taya. Aka taɓa ta yara. Sai Lauya ya miƙe, ya je wurin firij, ya dawo da tukunyar ya dire a tebur.

Auta ya leƙa ciki, ya fara laluben takalmansa da ƙafa. "Yaya, bari in ɗan sha iska."

"Zauna. Tambaya ɗaya zan yi maka. Mene ne wannan?"

"Karta ce."

"Da me aka yi ta?"

"Da takarda."

"Takarda da fenti. To wuƙar da ake yanka burodinka, ba a kashe mutum da irinta? Ka daina yanka burodi? Motar da kake tuƙawa, ɓarayi ba sa gudu da irinta? Ka koma tafiya a ƙasa?"

"Yaya, ni dai ba na so ne kawai."

"Ba ka so, ko kana tsoro? Faɗi gaskiya, yau Lahadi."

Auta ya sunkuyar da kai. "Ina tsoro."

"Yawwa! Mun zo wurin." Lauya ya gyara zama, ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, don daidai nan kujera mai ƙafa uku ma ta saba yin shiru. Ya jawo aya, ya ɗora mata wata, ya kawo misali da sarƙa, ya kawo misali da fursunan da aka buɗe wa ƙofa ya ƙi fita. Ya ce caca daban, wasa daban, kamar yadda maye daban shan ruwa daban. Ya zazzage gwangwanin madara a tebur. "Dubi nan. Maɓallan kujera. Ka kai su kasuwa ka ga ko za a ba ka ashana. Wanda Ubangiji ya 'yanta, a ce maɓallin kujera ya fi ƙarfinsa? Ba ka ganin raina alherinsa kake yi?"

Wannan ta ƙarshen ita ta shiga. Auta mutum ne da bai iya gardama ba, ga shi yana ganin girman mijin yayarsa, ga shi kuma ba ya so a ce ya raina alherin Allah. Ya daɗe yana kallon tebur, yana murza tafin hannunsa a gwiwa.

"To," ya ce a hankali. "Zagaye ɗaya."

Lauya ya ji kamar ya tashi ya yi rawa. Ya miƙa masa kartar ya ce ya gauraya.

Shi Lauya, in zai gauraya karta, bazawa yake a tebur ya cakuɗa da hannu biyu kamar mai wanki. Auta kuwa ya raba ta gida biyu, ya lanƙwasa, ta zubo tsakanin yatsunsa da wani sauti, frrrr, ta haɗe kanta. Ya sake yi ba tare da ya kalla ba. Ya raba musu, kowace karta ta zo ta kwanta gaban mai ita kamar an aike ta. Lauya ya ɗan yi tari.

Lauya ne ya ci zagayen farko. Ya ci na biyu ma. "Ka gani?" ya ce yana jan maɓallai. "Sama ta faɗo? Ƙasa ta tsage?" Bai san cewa tsofaffin 'yan caca haka suke yi wa baƙo ba, su bar shi ya ɗanɗana tukuna. Auta ma ba da niyya ya yi ba, hannunsa ne ya tuna.

Daga nan Lauya bai sake ganin ci ba. Maɓallai suka riƙa ƙaura zuwa wancan gefen tebur, ja da kore da masu ruwan ƙasa, har gabansa ya zama fili.

"Ara mini kaɗan," ya ce.

"Ba a aro a karta."

"To ai wasa ne."

"Wasa ne. Sa wani abu."

Lauya ya duba hagu da dama, ya ɗauki rimot ɗin talabijin ya ajiye a tsakiya yana dariya. Ai wasa ne, kuma rimot ba kuɗi ba ne. Rimot ya tafi. Ya sa silifas ɗinsa, ƙafar dama tukuna, don yana da tabbacin zai fanshe ta da ta hagu. Suka tafi tare. Ya sa agogon bango, wanda sai da ya hau kujera ya sauko da shi. Ya sa burodi biyun da Auta ya kawo musu kyauta, Auta ya cinye abinsa. Ya sa tabarau, aka cinye, sai ga shi yana riƙe da karta a nesa da fuska yana ƙanƙance ido, ba ya bambance sarki da sarauniya.

"Ba ni tabarau in ga abin da nake yi mana."

"Kawo riga."

Ya tuɓe rigar coci, mai guga, ya miƙa, aka ba shi tabarau. Zuwa yanzu ya daina dariya, ya daina jawo aya. Zufa yake yi cikin singileti, yana cewa a ransa ai sa'a juyawa take, zagaye ɗaya kawai yake buƙata ya dawo da komai kafin Nas ta dawo. Da ba abin da ya rage a kusa, sai ya dafa hannun jar kujerarsa.

"Wannan," ya ce, "da duk abin da ke gabanka."

Bayan ɗan lokaci kaɗan Lauya yana zaune a ƙasa kan leda, ya harɗe ƙafafu, haɓarsa daidai bakin tebur. Auta yana bisa jar kujera ya miƙe ƙafa, agogon bango a cinyarsa, silifas da rimot da burodi a gefe, riga a kafaɗa. Da wani ya leƙo ta taga a lokacin, da ya yi dariya har ya faɗi.

Sai Auta ya sa hannu a aljihu, ya ciro makullin mota, ya jefa a tsakiyar tebur.

"Duk wannan da mota. Kai kuma makullin shago."

Hannun Lauya ya tafi aljihun wando da kansa. Sai da yatsunsa suka taɓa sanyin ƙarfen, sannan ya farga da abin da yake shirin yi. Shagon da ya ci da iyalinsa shekara da shekaru. Ya zare hannun da sauri, ya ɗaga kai ya dubi surukinsa, dubawa ta gaske, wadda bai yi ba tun da aka fara.

Ba Autan da ya shigo da burodi ba ne. Idanunsa sun yi ja sun ƙanƙance, yatsunsa suna ta gauraya karta ba tsayawa. Sai a lokacin Lauya ya lura cewa an daɗe rabon da a ce masa Yaya.

"Auta, mu tsaya haka."

"Yanzu aka fara. Sa makulli."

"Na ce mu tsaya. Wasa ne, ya ƙare. Ka ci."

Auta ya dube shi kamar bai san shi ba. Ya dubi tulin maɓallan da ke gabansa, ya sa hannu ya ture su, suka watse a ƙasa. "Wannan ai ba ci ba ne," ya ce. Ya duba agogon da ke cinyarsa. "Bayan tasha yanzu suke taruwa." Ya ajiye agogon, ya ɗauki makullinsa, ya fita ko sallama babu.

Lauya ya san bayan tasha. Kowa a dangin ya san bayan tasha, can motar farko ta tafi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya tashi ya bi shi a guje, ba takalmi, ba riga. A bakin ƙofa ya yi karo da matar wani dattijon coci tana dawowa daga gaisuwar mara lafiya, ta ja da baya ta dafe ƙirji. "Lafiya, Lauya?" Ya ce, "Lafiya lau, Mama, a gaida Baba," yana tsalle a kan tsakuwa mai zafi. Mota ta riga ta fara motsi lokacin da ya fizge ƙofar gefe ya faɗa ciki.

Auta bai ce masa fita ba. Motar tana warin burodi da man inji, farantan ƙarfe na burodi suna ta ƙara a baya. Suka wuce shagon mai walda, suka wuce kantin magani, suka iso mahaɗar da ke da fitilar hanya. Hagu hanyar gidan Auta ce, dama ta tasha. Jar fitila ta tsayar da su. Auta ya kunna sigina ta dama, tana ƙyaf, ƙyaf, ƙyaf.

Lauya ya buɗe baki. Ya laluba cikin kansa inda ayoyi suke jere kamar kaya a kanta, bai samu ko ɗaya da za ta yi aiki a nan ba. Mutumin da bai taɓa rasa ta cewa ba ya zauna da baki buɗe, ƙafarsa tana zafi.

"Auta," ya ce daga ƙarshe, "na cuce ka. Ka yafe mini."

"Ka ce takarda ce."

"Takarda ce. A hannuna nake nufi. Yau kam ko a hannun nawa ban tabbata ba."

Fitila ta koma kore. Motar ba ta motsa ba. Na baya ya danna hon, na bayansa ya taya shi, wani mai babur ya zagayo ya leƙo ta taga ya tambaya ko gadon ubansu ne titin, ya ga ƙato yana hawaye kusa da wani cikin singileti, ya ja babur ɗinsa ya yi gaba.

"Yaya," in ji Auta, "ni ban taɓa cewa ka daina ba. Ban taɓa cewa zunubi kake yi ba. Kai kana iyawa, Yaya Nas tana iyawa, na ji daɗi kuna iyawa. Ni ne ba na iyawa. Tsayawar da nake yi a ƙofa, ita ce 'yancin da nake da shi."

"Na ji. Wallahi yau na ji."

"Hannuna ya ƙi. Juya mini siginar."

Lauya ya miƙa hannu ta ƙarƙashin sitiyari ya tura sandar. Kibiyar hagu ta kama. Auta ya ja dogon numfashi, ya sa giya, suka karya hagu daidai lokacin da fitila take komawa ja, zagi yana bin su a baya.

Matar Auta tana tsakar gida tana kwashe shanya lokacin da suka shigo. Mace ce 'yar siririya mara yawan magana, Lauya bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta juyo da murmushi za ta gaishe shi, sai ta ga ƙafafunsa, ta ga singileti. Lauya ya ɗauka za ta yi dariya, har ya fara shirya yadda zai taya ta. Ba ta yi ba. Ta sha ganin namiji ya shigo gida a haka, ta san inda ake tuɓe mutum irin wannan tuɓewar. Murmushin ya ɗauke. Ba ta dubi fuskar mijinta ba, hannuwansa ta duba.

"Motar taka ce har yanzu?" ta tambaya.

"Tawa ce."

"Ka je can?"

"Ban je ba. Saura kaɗan."

"Ni ne," in ji Lauya da sauri. "Maman yara, ni ne. Ya ce ba ya so, ya ce yana tsoro, ni na matsa masa. A falona, da hannuna na miƙa masa. In akwai wanda za ki yi fushi da shi, ga ni."

Ta tsaya da zanen gado a hannu, ta daɗe tana kallonsa. Lauya ya gwammace ta zage shi. Ta ninke zanen, ta sake ninkewa, ta ajiye a kwando. Ta ce wa mijinta ya shiga ciki ya wanke fuska kafin yara su gan shi, ya wuce kamar yaron da aka aika. Ita ma ta bi bayansa, ba ta ce wa baƙon ya zauna ba.

Ta fito da wata riga daga cikin shanyar da takalma baƙaƙe na Auta, ta ajiye su a gaban Lauya.

"Yaya, sa ka tafi gida, rana ta yi sanyi," ta ce. "Amma takalman ka dawo mini da su. Sau biyu ina zuwa bayan tasha da kaina ina fanso su."

Lauya ya sunkuya, ya kakkaɓe tsakuwar da ta manne masa a tafin ƙafa, ya zura ƙafafunsa ciki. Sun yi masa yawa ƙwarai.